Ranki Ya Daɗe, Kwalbar Wanke Jijiya

Ranki ya daɗe, kwalba. Allah ya ja zamaninki, gimbiyar kanti, mai farin murfi da koren ganye a goshi. A madadin mutanen Shanono, daga Faruruwa har Tsaure, daga Kokiya har Dutsen Bakoshi, ina yi miki barka da sauka, ina kuma ba ki haƙuri kan jinkirin da muka yi kafin mu san darajarki. Mu mutanen karkara ne. Da muka ga waken suya, abinci muka ɗauke shi. Sai da kika zo muka ji ashe shekara da shekaru asara muke tafkawa, muna barbaɗa wa magani yaji muna cinyewa.

Kin sha hanya kafin ki iso mu. Da can sai a manyan kemis na cikin Kano ake ganinki, a bayan gilashi, inda talaka ba ya ko tambayar farashi. Yanzu kin sauke girman kai. Kina shigowa ta wayar hannu, cikin saƙon murya da ƙanin mutum ya turo daga Legas. Kina zuwa a jakar wakilin kamfanin da ke cewa ka sayi uku, ka kawo mutum uku, ka zama attajiri. Ranar kasuwa kuma ga ki a bayan mota mai lasifika, kin tuɓe kwalbar kin koma gari a ƙullin leda don mai ƙaramin ƙarfi. Riga ce ke canzawa, alkawarin yana nan yadda yake: cikinki akwai sinadarin waken suya, wanda masana ke kira aisofilabon, shi ne zai wanke kitsen da ya toshe jijiyoyin jini tas, ya tsare mutum daga bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Kwalba uku, an gama.

Bari in fara da asalinki, kada wani ya ce ba ki da shi. Uwarki a gonakinmu take. Wajen 2008, lokacin da cibiyar binciken noma ta IITA ta jagoranci wani ɓangare na wani shirin noma na Kano, Katsina da Maraɗi, Shanono na cikin ƙananan hukumomin da aka zaɓa, tare da Bunkure da Musawa da Safana, don a ƙarfafa wa manoma juya gona tsakanin hatsi da dangin wake. Manomi ya gani da idonsa cewa in ya shuka waken suya bana, dawar baɗi za ta fi kyau, domin saiwar waken na bar wa ƙasa ƙarfi, kuma yana rage ƙuduji. Matan gida kuwa sun riga shi sanin amfaninsa. A jiƙa shi, a kai inji da sassafe, a tace, a ɗora madarar a wuta, a zuba ruwan tsami ta dunƙule, a kwashe a ƙyalle a danne da dutse, a yanka, a soya. Dusar ta tafi ga awaki. Da kuɗin awara aka haɗa wa 'yan mata da yawa kayan ɗaki. Da ita yaron da gidansu ba a ganin nama sai da Sallah yake samun abin gina jiki, domin kusan kashi 40 cikin 100 na busasshen waken furotin ne, kashi 20 kuma mai.

Dubi wannan wahala! Hayaƙi, tata, ɗaukar dutse. Ke kuwa da hikima kika zo. A ɗauki waken a raba shi da furotin ɗinsa, a raba shi da mansa, a raba shi da dusarsa, a tsame 'yar ƙurar da ba ta kai kashi 1 cikin 100 na nauyinsa ba, a ɗura ta a kafso. Manomi ya sayar da buhunsa a farashin kaka, lokacin da bashi ya shaƙe shi, buhun ya nufi Dawanau. Bayan 'yan watanni ɗan'uwan wannan wake, wanda aka noma a wata ƙasa, ya dawo masa a kwalba, kuɗinta ya isa sayen tiyoyin da gidansa zai yi makonni yana ci. Wa ya taɓa ɗaga darajar amfanin gona haka? Duk jami'an gona na jihar Kano su haɗu, ba su iya sayar wa manomi abin da ke cikin rumbunsa ba. Ke kin iya.

Shaidunki ma manya ne. Na farko tumaki. A shekarun 1940 makiyaya a yammacin Ostireliya suka ga tumakinsu sun daina haihuwa. Da aka bi diddigi sai aka tarar wata ciyawa ce da suke kiwo, mai ɗauke da dangin wannan sinadari da yawa. Daga nan aka ƙara fahimtar cewa aisofilabon na kwaikwayon istirojin, sinadarin jikin mace, ko da yake ƙarfinsa bai kai nasa ba ko kusa. To da yake an daɗe da lura cewa ciwon zuciya bai cika kama mata ba sai bayan sun daina al'ada, masana suka ce wataƙila wannan ɗan kwaikwayo zai iya kare jijiya. Tambaya ce mai kyau, ta cancanci a yi ta. Ke ce kika tausaya mata, kika ga ta daɗe tana jira, kika mai da ta amsa tun ba a gama yin ta ba.

Shaida na biyu birai. A shekarun 1990, a Jami'ar Wake Forest ta Amurka, Thomas Clarkson da abokan aikinsa suka ciyar da birai abinci mai kitse, wasu da furotin ɗin waken suya mai sinadarin, wasu da wanda aka tsame masa shi, wasu da na madara. Biran da suka ci mai sinadarin, jijiyoyin zuciyarsu sun fi na saura lafiya. Gaskiya ne, haka aka yi. Hausawa na cewa biri ya yi kama da mutum, kuma ban taɓa ganin wanda ya ɗauki maganar nan da muhimmanci kamarki ba. Mahassada ne za su tsaya dogon bayani, wai ƙananan halittun da ke hanjin biri suna juya wani ɓangare na sinadarin ya koma wani abu mai suna ikwal, wanda wasu masana ke zaton shi ke yin babban aikin. Wai kusan kowane biri hanjinsa na yin haka, alhali a Turai da Amurka mutum 1 cikin 3 ko 4 ne kawai nasa ke iyawa, a Japan da Sin kuwa kamar rabin jama'a. Ke ba ki taɓa wulakanta mai saye da tambayar hanjinsa na wane ɓangare ba. Kowa ɗaya ne a wurinki, in dai kuɗinsa sun cika.

Amma abin da ya fi burge ni da ke shi ne riƙon kalanda. Kin zaɓi shekarar da ta yi miki daɗi, kin zauna a cikinta, kin ƙi fitowa. A 1995 Dakta James Anderson na Jami'ar Kentucky ya tattara gwaje-gwaje 38 ya wallafa a mujallar New England Journal of Medicine. Ya ce masu cin kimanin giram 47 na furotin ɗin waken suya a rana, mugun kolestarol ɗinsu, wanda ake kira LDL, ya ragu da kusan kashi 13 cikin 100. A watan Oktoba na 1999 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yarda a rubuta a jikin kaya cewa giram 25 na wannan furotin a rana, cikin abinci mai ƙarancin kitse, na iya rage haɗarin ciwon zuciya. A nan kika yada zango, kika kafa bukka, kika ce a rufe ƙofa.

Me zai sa ki saurari abin da ya biyo baya? A 2006 Ƙungiyar Kula da Lafiyar Zuciya ta Amurka ta sake duba gwaje-gwaje 22 da aka yi daga baya, ta tarar kashi 13 ɗin nan ya tsuke ya koma kamar 3. Ta duba wasu 19 da suka auna aisofilabon ɗin kansa, ta tarar in an haɗa su bai motsa LDL ba. Ta faɗa ƙarara cewa ba ta ba da shawarar shan ƙwayarsa ba, duk da ta yaba wa abincin waken suya saboda mansa mai kyau ne kuma yana iya maye gurbin nama mai kitse. A watan Oktoba na 2017 FDA ta gabatar da ƙudurin janye izinin da ta bayar a 1999, karo na farko da ta nemi yin haka ga wani iƙirari irin wannan. Wasu masana a Toronto suka ƙi yarda, suka tattara gwaje-gwaje 46 a 2019 suka ce ragin kashi 3 zuwa 4 ɗin nan ƙarami ne amma na gaske ne. Su can suna ta kai ruwa rana kan kashi 3 da 4, ke nan kina raba alkawarin ɗari bisa ɗari. Kuma ga inda gwanintarki ta kai ƙarshe: duk wannan jayayya a kan furotin ake yin ta. Takardar shaidar da kike ɗagawa ta furotin ce, shi ne kuma abu na farko da aka raba ki da shi kafin a sa miki murfi.

Haƙurinki da masu gwaji ma abin koyi ne. A Holan, a 2004, aka fitar da sakamakon gwajin mata 202 masu shekara 60 zuwa 75. Rabinsu sun yi shekara guda suna shan garin furotin mai ɗauke da miligiram 99 na aisofilabon kullum, rabin kuma garin madara. Ƙarshen shekara, ba bambanci a kolestarol, ba a ƙarfin ƙashi, ba a kaifin ƙwaƙwalwa. A 2011 Dakta Howard Hodis na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya fitar da nasa, wanda ya tafi kai tsaye ga jijiyar da kike cewa kina wankewa. Mata 350 da suka daina al'ada, kusan shekara uku, rabinsu na shan miligiram 91 kullum, rabin ba sa sha, ana auna kaurin bangon jijiyar wuya da ke kai jini ƙwaƙwalwa da na'urar hoto. Bangon ya ci gaba da kauri a ɓangarorin biyu, ɗan bambancin da aka gani bai kai a rantse ba dace ba ne. Wuri guda aka hango ƙyalli: matan da ba su wuce shekara biyar da daina al'ada ba, nasu kaurin ya fi tafiya a hankali. Masu binciken suka ce wannan sai an sake gwadawa. Ke ba ki da irin wannan rowa. Ɗan ƙyallin da aka hango a jikin wasu mata a Kalifoniya, kin ɗauko shi kin sayar wa dattijo mai furfura a Shakogi.

Kishiyarki ɗaya ce a duniya, ita ce awara, kuma kin iya zama da kishiya. A 2020 masu bincike na Jami'ar Harvard suka wallafa a mujallar Circulation abin da suka gani cikin ma'aikatan lafiya fiye da 200,000 da aka bi rayuwarsu sama da shekara 20: masu cin awara aƙalla sau ɗaya a mako, haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya gare su ya yi ƙasa da kashi 18 cikin 100 in an gwada da waɗanda ba sa ci ko sau ɗaya a wata. A Japan, a 2007, cikin mutum dubu 40 da 'yan kai, matan da suka fi cin abincin waken suya sun fi tsira daga bugun zuciya da toshewar jijiyar ƙwaƙwalwa, mazan kuwa ba a ga haka gare su ba. A Shanghai, a 2003, mata kusan 65,000 suka nuna irin wannan alama. Duk abinci ne, a kwano, da cokali. Su kansu masu binciken suna kaffa-kaffa, suna cewa mai yawan cin awara galibi yana da wasu halaye na kula da lafiya, ba lalle sinadarin ne kaɗai ya yi aikin ba. Ke kin jira awara ta gama jarrabawa, kin ɗauke sakamakon, kin goge sunanta kin rubuta naki. Sannan kin juyo kin gaya wa uwar gida cewa abin da take yankawa a faranti abincin yara ne, na gaskiyar yana wurinki.

Ladabinki kuma ba a magana. Ba ki taɓa shiga harkar kasko ba. A Japan da Sin, sau da yawa dafaffiyar awara ake ci, a cikin miya ko romo. Tamu sai ta yi iyo a mai, kuma da tsadar mai a yau, wace mai talla ce za ta zubar da na jiya? A ƙara sabo a kan tsoho, a soya, gobe ma haka, har ya yi baƙi ya fara yauƙi. Man da aka yi ta ƙonawa yana lalacewa, yana haifar da abubuwan da ke cutar da bangon jijiya. Ba na ganin laifin yarinyar da ke neman ribar sabulu. Abin da nake yaba miki shi ne ba ki taɓa ɓata mata rai da wannan zance ba, ba ki kuma ɓata wa masu saye ba. Haka gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, mu kuwa gishiri a miya, dunƙulen magi a kansa, farin magi a yaji, a barbaɗa a ƙara. Likita marar kunya zai ce a rage. Ke cewa kike a ci a more, ga ni nan zan wanke.

Wannan wankin ne nake so mu tsaya a kansa, domin shi ne jarinki. Mutum na jin an ce jijiya ta toshe sai ya zaci datti ne ya kwanta a cikin hanya, in an turo ruwa mai ƙarfi zai tafi. Ba haka cutar take ba. Jijiyar jini na da shimfiɗa mai laushi a cikinta. Hawan jini, hayaƙin taba da yawan suga suna ƙuje wannan shimfiɗa. LDL da ke yawo a jini sai ya kutsa ta wurin ya shige cikin bangon, ya lalace a can. Fararen ƙwayoyin jini su bi shi su haɗiye, su kumbura, su mutu a wurin. Jiki ya rufe tarin da wata fata, a hankali har ya yi tauri. Abin ya fi kama da maruru da ya fito a cikin bangon jijiya. Yana iya girma ya matse hanya, yana kuma iya fashewa rana ɗaya, jini ya daskare a kansa nan take ya rufe hanyar gaba ɗaya. In a zuciya ne, bugun zuciya ke nan. In a hanyar ƙwaƙwalwa ne, ɓarin jiki ya tafi. Kuma ba aikin dare ɗaya ba ne. A 1953 likitocin sojan Amurka suka duba zukatan samari 300 da suka mutu a yaƙin Koriya, matsakaicin shekarunsu 22, suka tarar kashi 77 cikin 100 sun riga sun fara. Abin da aka shekara talatin ana ginawa a cikin bango, ke kin ce kwalba uku za ta ɗauraye shi. Wannan ƙarfin hali ko a tatsuniya sai an tona.

Kin kuma iya zaɓen cuta. Mai sayar da maganin ciwon haƙori yana cikin haɗari, domin gobe za a dawo masa da kumburarren kunci. Ke kin zaɓi cutar da ba ta zafi, ba ta ƙaiƙayi, ba ta zazzaɓi. Wanda ya sha ya ji garau, aikinki ne, ko da yake jiya ma garau yake. Wanda ya faɗi a bayan gida da asuba, baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, ba zai iya zuwa neman canji ba. 'Yan'uwa za su ce iska ce ta shafe shi, wasu su ce sammu ne, a yi ta hayaƙi da tofi har awannin da likita zai iya yin wani abu su wuce, kafin a nemo motar Gwarzo ko Bichi ko Kano. Sunan kowa zai fito a zancen, har na maƙwabcin da suka yi rigimar iyakar gona. Naki ne kaɗai ba zai fito ba. Kina kan taga, rabinki ya rage, ƙila ma a ɗura masa sauran.

Ga kuwa abin da ya kayar da shi, ba a Amurka aka gano ba. Binciken SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta, an yi shi a asibitocin Najeriya da Gana, har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. A 2018 suka wallafa a mujallar Lancet Global Health abin da suka gani da suka gwada masu shanyewar ɓarin jiki 2,118 da takwarorinsu masu lafiya. Hawan jini ne ya ɗauki kaso mafi tsoka, har lissafinsu ya nuna da babu shi da kusan 9 cikin 10 na waɗannan faɗuwa ba su faru ba. Bayansa akwai rikicewar kitsen jini, yawan cin nama, ciwon suga, ƙarancin cin ganye, da ƙara gishiri a kan abinci. Ganye fa: zogale, rama, yakuwa, alayyahu, abubuwan da ke bakin danga kyauta. Wani nazarin da Davies Adeloye da abokansa suka fitar a 2021 ya ƙiyasta 'yan Najeriya miliyan 27.5 na da hawan jini a 2020. Kashi 29 cikin 100 ne suka san suna da shi, kashi 12 ke shan magani, waɗanda jininsu ya daidaita ba su kai kashi 3 ba.

Kin ga filin da Allah ya buɗe miki? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangonmu ya tsage tun daga tushe. Inda ɗakin shan magani ke nesa, inda abin awon jini ya lalace ba a sake ba, inda ma'aikaci ɗaya ke duba layin mutum hamsin, ke kina da lokacin kowa. Likita zai ce wa mutum: wannan ƙwayar amlodifin kullum za ka sha, har ƙarshen rayuwa, in ka bari jinin zai sake hawa. Magana mai ɗaci. Zai ce rage maki 10 a lambar sama ta awon jini na rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Zai ce ƙwayar sitatin na sauke LDL da sulusi har zuwa rabi, ba kashi 3 ba. Duk lissafi ne mai gajiyarwa. Ke kin san zuciyar ɗan Adam. Kin ce masa maganin asibiti danne cuta yake, naki tumɓuke ta yake daga saiwa. Kin ce naki daga tsiro yake, ba ya illa, kamar dai ciyawar da ta hana tumakin Ostireliya haihuwa ba tsiro ba ce. Magidanci ba shi da kuɗin magani biyu, dole ya zaɓi ɗaya, kuma kin taimaka masa ya zaɓa. Wannan ce babbar nasararki, kwalba, kuma a maƙabarta ake ƙidaya ta.

Duk da haka ba wanda zai kira ki maƙaryaciya, domin kin faɗi gaskiya. A bayanki kika rubuta ta, da Turanci, da ƙananan baƙaƙen da sai mai tabarau. In daga Amurka kika fito, dokarsu ta 1994 ba ta tilasta miki nuna kina aiki kafin a sayar da ke ba, illa ki rubuta cewa hukuma ba ta tantance iƙirarinki ba, kuma ba a yi ki don warkar da wata cuta ko hana ta ba. In a nan gida aka haɗa ki aka ba ki lambar NAFDAC irin ta magungunan gargajiya, lambar ba shaidar warkarwa ba ce, kuma dole a jikinki a rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Mai talla ya ɗaga lambar sama ya karanta da ƙarfi, layin da ke ƙasanta kuwa ya ɗora babban yatsa a kai. A Japan, ƙasar da ta daɗe da sabo da waken suya, hukumar kula da amincin abinci ta ce tun 2006 kada abin da mutum zai ƙara na aisofilabon ta hanyar irinki ya wuce miligiram 30 a rana. Su da suka gaji waken kaka da kakanni suna auna ki da cokali. Mu an ce mana biyu da safe, biyu da dare, in ana son saurin aiki a ninka.

Kirarin ya ishe ni haka. Sauran maganar da mutanen gida zan yi ta.

Waken suya abinci ne mai albarka, kada haushin kwalba ya shafe shi. Amfaninsa ga jijiya matsakaici ne, kuma ya fi fitowa in ya maye gurbin nama mai kitse, ba in an ɗora shi a kansa ba. Manomi ya ware tiyoyin gida kafin ya ɗinke buhun kasuwa. Uwar gida ta gwada jefa awara a miyar ganye ba tare da suya ba, ta dama kunu da madararsa, ta yi daddawa da shi ta rage magi. Mai soyawa ta rage yawan man da take zubawa a kasko lokaci guda, don ya ƙare kafin ya yi baƙi.

Gidajen rediyon Kano da ke sayar da lokaci ga duk wanda ya ce yana wanke jijiya, ku sani muryarku na kaiwa har ƙauyen da likita ba ya kaiwa, kuma mutane sun yarda da ku. Ku nemi takardar izinin talla kafin ku buɗe wa mutum makirfo. NAFDAC da hukumomin lafiya na jiha su fito daga birni su zaga kasuwannin ƙauye. Malamai da limamai su faɗa a kan mumbari cewa sayar wa marar lafiya alkawarin da ba a tabbatar ba algus ne, ko da mai sayarwa ya buɗe tallarsa da bisimilla. Ƙaramar hukumar Shanono, da ƙidayar 2006 ta ba mutum kimanin dubu 140, mai mazaɓu 10, ba za ta gaza sa abin awon jini mai aiki a kowane ɗakin shan magani ba.

Kai kuma mai karatu, in kai baligi ne kuma ba a taɓa ɗaura maka abin awo a dantse ba, je ka a auna cikin makon nan, ka tafi da mahaifinka da mahaifiyarka. In lambar ta kai 140 bisa 90 ko ta wuce, ka koma wata rana a sake. In ta tabbata, karɓi maganin da aka rubuta maka ka riƙe shi, kada ka ajiye don ka ji sauƙi, kada ka ajiye don wani ya kawo maka abin da ya fi shi kyan murfi.